Mutum-mutumin Yunwa na Dublin: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Shirin Kai Ziyara

Duk wanda ya je Dublin, babban birnin ƙasar Ayalan, wadda wasu ke rubutawa Ireland, da wuya ya dawo ba a tambaye shi ko ya ga ramammun mutanen nan na bakin kogi ba. Hotonsu ya zaga duniya, amma labarinsu bai zaga ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu, na tafiya da na tarihi a haɗe.

Wane wuri ne wannan, kuma a ina yake?

Wurin tunawa ne da Babbar Yunwar da ta auka wa Ayalan daga 1845 zuwa 1852. Yana gaɓar arewa ta kogin Liffey, a bakin tashar da ake kira Custom House Quay, ɗan gaba kaɗan da tsohon ginin kwastan da aka kammala a 1791. Wani maƙerin tagulla ɗan Dublin, Rowan Gillespie, shi ya yi aikin. Wata mata mai ayyukan jinƙai, Norma Smurfit, ita ta sa aka yi, ta miƙa wa birnin kyauta. An buɗe shi a 1997, shekara 150 cif bayan 1847, shekarar da mutanen ƙasar ke kira Baƙar 47.

Me zan gani idan na je?

Mutane shida na tagulla a tsaye, maza da mata, suna tafe a warwatse kamar waɗanda gajiya ta raba tsakaninsu, da wani ramammen kare a bayansu. Ba a ɗora su a kan dandamali ba, ba a kuma kewaye su da shinge ba. A ƙasa suke, kan duwatsun da kai ma kake takawa, har kana iya shiga tsakaninsu ka jera da su.

Ka matsa kusa. Daga nesa tsummoki kawai za ka gani, sai ka zo dab za ka lura da yatsun ƙafa, dogaye, a buɗe, babu takalmi, da ƙasusuwan wuya da suka fito kamar a ƙirga. Wasunsu sun rungume ƙunshi a ƙirji, ba riƙon kaya ba, riƙon abin da ya rage wa mutum a duniya. Akwai wani namiji da ya saɓo yaro a kafaɗa, hannuwan yaron da ƙafafunsa suna reto. Na daɗe a gabansa ina neman alamar ko yaron barci yake ko ya riga ya cika, ban samu ba. Ina jin da gangan maƙerin ya bar shi haka. Shi kuwa karen, kowa da yadda yake fassara shi: wasu sun ce biyayya ce ta sa yake bin su, wasu sun ce jira yake wani ya faɗi.

A ƙasa akwai faranta na ƙarfe masu ɗauke da sunayen mutane da iyalan da suka ba da gudummawa. Idan ka ɗaga kai kuma, gine-ginen bankuna masu bangon gilashi ne suke kallonka, don unguwar ita ce cibiyar hada-hadar kuɗi ta ƙasar. Da tsakar rana za ka ga ma'aikata da kwat suna wucewa ta gefen mayunwatan da abincinsu a hannu.

Nawa ake biya, kuma ƙarfe nawa ake buɗewa?

Ko sisi. Babu ƙofa balle mai gadi, dare da rana yana nan. Minti goma sha biyar ya isa a ga komai.

Yaya zan isa wurin?

Daga babban titin O'Connell ka bi gaɓar kogi ka yi gabas, tafiyar kamar minti goma ce a ƙafa. Jirgin cikin gari da ake kira Luas, layin ja, yana tsayawa a George's Dock, nan kusa. Tashar jirgin ƙasa ta Connolly da babbar tashar motoci ta Busáras duk ba su da nisa. Mai keken guragu ma zai iya zuwa, sai dai duwatsun da ke kewaye da mutum-mutumin ba sumul suke ba.

Wace irin yunwa ce da har yanzu ba a manta da ita ba?

A ƙidayar 1841 mutanen tsibirin Ayalan sun haura miliyan 8. A ta 1851 sun koma wajen miliyan 6 da rabi. Kusan miliyan 1 sun mutu, fiye da miliyan 1 sun tsere daga ƙasar, kuma ƙaurar ba ta tsaya ba bayan an samu sauƙi. Zuwa 1911 mutanen tsibirin ba su kai miliyan 4 da rabi ba. Yau ma, idan aka haɗa Jamhuriyar Ayalan da Ayalan ta Arewa, kimanin miliyan 7 ne, wato har yanzu ba su mayar da adadinsu na kafin yunwa ba.

A harshensu suna kiranta An Gorta Mór, Babbar Yunwa. Tsofaffin karkara kuwa suna cewa An Drochshaol, mugun zamani, kamar yadda kakanninmu suka raɗa wa yunwar 1914 suna Ƙaƙalaba. Harshen nasu ma ya sha kashi, domin yammacin ƙasar da kudu maso yamma, inda aka fi magana da shi, nan ne mutuwa ta fi yin ɓarna.

Yawancin waɗanda suka mutu ba yunwar ce kai tsaye ta ɗauke su ba. Ita takan karya jiki ne, sai zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa da atini su ƙarasa. A 1849 kwalara ta zo ta ɗora nata.

Ta yaya lalacewar dankali kaɗai za ta kashe mutum miliyan?

Nan ne gundarin maganar, kuma wanda bai fahimce shi ba, tagulla kawai zai je ya kalla.

A wancan zamani Ayalan tana ƙarƙashin Birtaniya, an haɗe su ƙasa ɗaya tun 1801, majalisa tana Landan. Mafi yawan ƙasar noma tana hannun manyan masu gonaki 'yan ƙalilan, da yawansu ma a Ingila suke zaune, wakilai ke karɓar musu haya. Talaka ba shi da gona tasa. Haya yake yi, wani lokaci daga hannun wanda shi ma haya ya karɓa, ana ta yanka filin ana rage shi har ya zama ɗan tsito. Alkama da sauran hatsin da ya noma, da aladen da ya kiwata, na biyan haya ne. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

To me zai ci? Dankali. Shi kaɗai ne amfanin da ɗan ƙaramin fili, ko da mai duwatsu ne ko mai dausayi, zai ba da abin da zai riƙe iyali. Kimanin mutum miliyan 3 ba su da wani abinci sai shi. Namiji mai aikin ƙarfi yakan ci wajen kilo 6 a yini, safe da rana da dare, ya kora da tsala idan akwai. Abin mamaki, abincin yana gina jiki, mutanen ba raunana ba ne kafin masifar. Sai dai kusan iri ɗaya kowa yake shukawa, wanda ake kira Lumper, mai yawan yabanya amma ba ya jure cuta. Ga shi dankali ba gero ba ne. Ba a zuba shi a rumbu ya shekara biyu ko uku, na bana na bana ne.

A watan Satumba na 1845 cutar ta ɓulla. Wata ƙwayar cuta ce mai kama da funfuna, masana suna kiranta Phytophthora infestans, ta ƙetaro daga nahiyar Amurka. Iska da danshi ke yaɗa ta. Ganye ya yi baƙi cikin 'yan kwanaki, gona ta ɗauki ɗoyi, a tona a tarar da dankalin ya zama taɓo. Wanda aka haƙa lafiya lau aka adana a rami, shi ma a buɗe a tarar ya ruɓe. A shekarar farko an yi asarar abin da ya kai sulusi ko fiye. A 1846 kusan duka ya tafi. A 1847 cutar ta lafa, amma mutane sun riga sun cinye iri, ba a shuka abin kirki ba. A 1848 ta dawo da ƙarfinta.

Cutar ta shiga Beljiyam da Holan da Jamus da Sikotilan, an kuma sha wuya a can. Amma babu inda aka yi mutuwa irin ta Ayalan, saboda babu inda aka tura talakawa masu yawa haka suka rataya rayuwarsu a kan amfani ɗaya.

Shi ne dankalin turawan da muke ci?

Shi ne, wanda a kasuwanninmu ake kira Airish, duk da cewa asalinsa daga duwatsun Andes na Kudancin Amurka yake. Cutar ma ba ta mutu ba. Manoman Bokkos da Mangu a Jihar Filato sun san ta sarai, takan cinye musu gonaki a damina mai yawan ruwa da hazo.

Ƙasar tsibiri ce. Me ya hana su cin kifi?

Kusan kowa sai ya yi wannan tambayar. Sun ci abin da hannunsu ya kai: dodon koɗi da kaguwa na bakin teku, ciyawar ruwa, tsuntsaye, ganyaye, har abin da ba a ci. Amma tekun yammacin Ayalan mahaukaci ne, musamman da hunturu, kuma kwale-kwalen talakawa na fata da kyalle ne, ba sa shiga ruwa mai zurfi. Masunta da yawa sun jinginar da komarsu tun shekarar farko don su sayi hatsi, suna zaton abin na ɗan lokaci ne. Mutumin da ya yi wata uku bai ƙoshi ba kuwa ba ya iya tuƙa kwale-kwale. Kifin koguna kuma, haƙƙin kamunsa na masu ƙasa ne.

Gwamnatin Landan ba ta yi komai ba?

Ta yi, amma yadda ta yi ɗin shi ne abin da ake riƙe da ita a kai har gobe.

Firayim Minista Robert Peel ya sa an sayo masara ta fam 100,000 daga Amurka a ƙarshen 1845. Mu da muka san masara mun san sai an surfa an niƙa an dafa ta sosai. Su ba su san ta ba, injinan niƙan ƙasar ba su dace da taurinta ba, ta riƙa murɗa musu ciki har suka raɗa mata suna farar wutar Peel. Duk da haka a wannan shekarar ba a yi mutuwa mai yawa ba.

A tsakiyar 1846 gwamnati ta koma hannun John Russell, wanda jama'arsa suka yi imani cewa kasuwa ita za ta gyara kanta, kada hukuma ta sa hannu a cinikin abinci. Jami'in baitulmali da ke riƙe da aikin agaji, Charles Trevelyan, yana kallon masifar a matsayin wata hanya da Ubangiji ya kawo don gyara ƙasar da halin mutanenta. Aka ce ba za a ba da kyauta ba, sai dai aiki. Aka fito da mayunwata cikin sanyi suna fasa dutse suna gina hanyoyi, wasu hanyoyin ba sa kai wa ko'ina, har yau ana ganinsu a kan tuddai. A farkon 1847 mutum sama da 700,000 ne a wannan aiki, ladan yini sau da yawa bai kai sule ɗaya ba, ga biyan yana makara, ga farashin hatsi ya yi tashin gwauron zabo.

Da aka ga mutane suna faɗuwa a bakin aiki, sai aka buɗe wuraren rabon dafaffen abinci. A tsakiyar 1847 ana ciyar da kimanin mutum miliyan 3 kowace rana. Wannan ya nuna cewa ana iyawa idan an so. Bayan 'yan watanni aka rufe su, aka ce daga yanzu dukiyar Ayalan ita za ta ɗauki nauyin talaucin Ayalan, aka mayar da komai kan gidajen gajiyayyu da harajin yanki ke riƙewa. A waɗannan gidaje ana raba miji da mata, a raba uwa da 'ya'ya, ga cunkoso ga zazzaɓi.

Sai kuma dokar da ta fi kowacce zafi, wadda ake kira da sunan ɗan majalisar da ya kawo ta, William Gregory: duk wanda yake riƙe da fili fiye da rubu'in eka ba zai samu agaji ba sai ya saki filin. Wato ka zaɓa, gonarka ko ran 'ya'yanka. Masu ƙasa da yawa suka samu abin da suke nema. Aka kori dubban ɗaruruwan mutane, ana yaye rufin gidajensu don kada su dawo.

Da gaske ne ana fitar da abinci daga ƙasar a lokacin?

Gaskiya ne. Hatsi da shanu da aladu da man shanu sun ci gaba da fita zuwa Ingila, a wasu wurare da rakiyar sojoji. Gaskiya ne kuma cewa daga 1847 hatsin da ake shigowa da shi ya fi wanda ake fitarwa, kuma abin da aka fitar ba zai cike gurbin dankalin duka ba. Amma a hunturun 1846, kafin masarar waje ta iso, hana fitar da shi da ya ceci rayuka, kuma an ƙi.

Saboda haka wasu 'yan ƙasar ba sa son a ce mata yunwa kawai, kamar wani fari da ya sauko daga sama. Ɗan gwagwarmayar nan John Mitchel ya taɓa cewa Ubangiji ne ya aiko da cutar dankali, amma Ingilishi ne suka ƙirƙiri yunwar. Akwai masu kiranta kisan ƙare dangi. Yawancin masana tarihi ba su kai nan ba, don ba su ga shaidar an shirya ƙarar da mutanen da gangan ba. Abin da suka gani shi ne riƙo da aƙidar kasuwa ido rufe, da rowa, da raina talakan Ayalan. A ganina, ga uwar da ta binne 'ya'ya huɗu, bambancin ba shi da yawa. A 1997 Firayim Minista Tony Blair ya fitar da sanarwa yana amsa cewa masu mulki a Landan na wancan lokaci sun gaza wa mutanensu.

Ina mutanen tagullar suka nufa?

Jirgin ruwa. Daga wannan gaɓar jirgin Perseverance ya tashi ranar 17 ga Maris 1846 da fasinja 210, ya isa New York bayan wata biyu, kowa da ransa. Ba kowa ya yi wannan sa'ar ba. A 1847 an riƙa cusa mutane a jiragen dakon katako da ke komawa Kanada babu kaya, babu isasshen ruwan sha, babu likita, zazzaɓi yana bi ɗaya bayan ɗaya. Aka riƙa kiransu jiragen akwatin gawa. Da mu ne, da mun ce makara mai tafiya a kan ruwa. A tsibirin Grosse Île kusa da Kwibek, inda ake killace masu isowa, an binne sama da mutum 5,000 a wannan shekarar kaɗai.

Gillespie ya ƙarasa labarin a ɗaya gefen tekun. A 2007 aka buɗe wasu mutum-mutumi biyar nasa a Ireland Park da ke birnin Toronto na Kanada, suna nuna masu isowa. Birnin yana da mazauna kimanin 20,000 a 1847, amma baƙi 38,000 suka sauka a cikinsa cikin 'yan watanni.

Wancan jirgin mai filafilai da ke kusa fa?

Kwafin Jeanie Johnston ne, tafiyar minti biyu ko uku daga mutum-mutumin. Na asalin ya yi tafiya 16 daga yankin Kerry zuwa Arewacin Amurka tsakanin 1848 da 1855, ya kwashi kimanin mutum 2,500, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Sirrin ba wani abu ba ne: ba a cika shi fiye da kima, kuma akwai likita a ciki. Ana shiga da tikiti tare da ɗan jagora. Ka sauka cikinsa ka ga gadajen katako da iyali guda ke rabawa na tsawon mako shida ko bakwai. Gani ya kori ji.

A tsallaken titi, cikin ginin CHQ, akwai gidan tarihin ƙaura mai suna EPIC da aka buɗe a 2016. Shi ma da kuɗi ne, kuma ya shafi ƙaurar mutanen ƙasar gaba ɗaya, ba ta yunwa kaɗai ba. Idan ɗaya za ka iya biya, ni dai jirgin zan zaɓa.

Na ji ana maganar wasu takalman yara na tagulla.

Alamomin wata hanya ce mai tsawon kilomita 165 da ake kira National Famine Way. A watan Mayu na 1847 wani mai ƙasa a Strokestown, cikin yankin Roscommon, Manjo Denis Mahon, ya ga biya wa 'yan hayarsa kuɗin jirgi ya fi masa araha a kan ciyar da su. Mutum 1,490 suka tako a ƙafa, suna bin gefen mashigin ruwan Royal Canal har Dublin, daga nan Liverpool, daga nan Kanada a jirage huɗu. Ɗaruruwa suka mutu a teku da wurin killacewa. A watan Nuwamba na shekarar aka harbe Mahon. Yau an dasa takalman yara na tagulla kimanin 30 a kan hanyar, kuma tana ƙarewa ne a wannan gaɓar da kake tsaye. Gidan Mahon shi ne yanzu gidan tarihin yunwa na ƙasa, takardun koken da 'yan haya suka rubuta masa suna nan.

An ce Sarkin Santambul ya aika taimako. Haka ne?

Haka ne. Sultan Abdulmajid na Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya ba da fam 1,000 a 1847, kuma manyan Ayalan sun rubuta masa takardar godiya. Akwai ƙarin labari da ake yawan bayarwa, wai fam 10,000 ya yi niyya aka roƙe shi ya rage don kada ya zarce Sarauniya Biktoriya da ta ba da 2,000, wai kuma ya aika jiragen abinci a ɓoye zuwa garin Drogheda na Ayalan, wai shi ya sa garin ya sa tauraro da jinjirin wata a tambarinsa. Wannan ɓangaren hikaya ce da ba ta da ƙwaƙƙwarar shaida. Tauraro da jinjirin watan da ke tambarin Drogheda sun girmi yunwar da ɗaruruwan shekaru.

Taimako ya zo daga Kalkata ta Indiya tun da wuri, mabiya ɗariƙar Kiristoci ta Quaker sun yi aiki tuƙuru, sannan ga wanda ya fi taɓa zuciya: ƙabilar Choctaw ta Amurka, waɗanda ba a fi shekara 16 da korarsu daga ƙasarsu ta gado ba, suka tara dala 170 suka aika. An yi musu abin tunawa a garin Midleton na kudancin Ayalan, fuka-fukai tara na ƙarfe a jere kamar ƙwarya. A 2020, lokacin korona, 'yan Ayalan suka yi ta tura kuɗi ga ƙabilun Navajo da Hopi na Amurka suna ambaton wannan bashi. Alheri danƙo ne.

Mutanen ƙasar sukan danganta saurin hannunsu wajen agajin yunwa da wannan tarihi. Ƙungiyar Concern, wadda yau take aiki a yankin Tawa na Nijar, an kafa ta ne a Dublin a 1968 saboda yunwar yaƙin basasar Najeriya.

Ba gumaka ba ne? Ya halatta Musulmi ya je?

Ba wurin ibada ba ne. Ba wanda yake rusuna musu ko roƙonsu wani abu, kuma ba maƙabarta ba ce, babu gawa a ƙarƙashi. Hukuncin sassaƙa surar mai rai magana ce ta malamai, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa kafin ya tafi. Idan ya ga gara ya bari, jirgin da gidan tarihin za su ba shi labarin.

Akwai ladubban da ake kiyayewa? Ana ɗaukar hoto?

Ana ɗauka, ba mai hana ka. Amma don Allah kada ka rungumi mayunwaci kana washe baki, ko ka ɗora masa hularka. Na ga masu yi, na kuma ga irin kallon da 'yan gari suke bin su da shi ba tare da sun ce uffan ba. Wasu masu ziyarar daga Boston ko Sidni suka taso, kakannin kakanninsu ne suka bi ta nan, za ka gan su shiru, wani lokaci da fure a hannu. A ba su wuri.

Yara suna iya zuwa. Ƙanana kan tsorata da fuskokin, gara a yi musu bayani tun a hanya.

Akwai wasu wuraren irinsa?

Da yawa. A cikin Dublin akwai na Edward Delaney a lambun St Stephen's Green, wanda ya girmi wannan da shekara 30. Babban na ƙasa yana Murrisk a yankin Mayo, gindin dutsen Croagh Patrick: jirgin tagulla ne da John Behan ya ƙera, igiyoyinsa ƙwarangwal ɗin mutane ne. Ba nisa da nan akwai kwarin Doolough, inda a Maris 1849 ɗaruruwan mayunwata suka taka daga Louisburgh cikin mugun sanyi don su bayyana gaban jami'an agaji, wasu suka mutu a hanya. A Skibbereen, can kudu, akwai fili ɗaya mai ciyawa a maƙabartar Abbeystrewry da aka zuba mutum 8,000 zuwa 10,000 ba akwati. A New York kuma an kwaso wani kangon gida sukutum daga Mayo aka sake gina shi a Manhattan a 2002.

Kowace shekara gwamnati tana taron tunawa na ƙasa, galibi ranar Lahadi ta uku a watan Mayu, ana zagayawa da shi daga yanki zuwa yanki.

Biza fa, da lokacin da ya fi dacewa?

Jamhuriyar Ayalan ba ta cikin tsarin Shengen na bizar bai-ɗaya ta ƙasashen Turai, kuma ba Birtaniya ba ce. Mai fasfon Najeriya ko Nijar yana buƙatar bizarta daban, kada ya dogara da ta Faransa ko ta Landan. Tana da ofishin jakadanci a Abuja. Kuɗinta yuro ne.

Daga Mayu zuwa Satumba an fi samun sauƙin yanayi, a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare. A Disamba kuwa ƙarfe 4 da 'yan mintuna duhu ya fara. Ko yaushe ka je, ka riƙe rigar ruwa, lema ba ta daɗewa a hannun iskar bakin Liffey. Ka yi sammako kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su fara sauke mutane. Idan kuma ka tashi ka tarar ana yayyafi, kada ka fasa: ruwan yakan bi ta kumatun tagullar yana ɗiga daga haɓa, gaɓar kuma babu kowa sai kai da su.